Uwargida, Kada Ki Manta Da Kanki

   

Yau maganarmu a kanki take, ke kanki. Tun kiran sallar farko kike tashi, ki hura wuta, ki dama koko, ki shirya 'yan makaranta, ki ɗora na rana, kafin ki farga la'asar ta yi, ga tuwon dare yana jira. Kowa a gidan yana da mai duba shi, wato ke. To, ke wa ke duba ki? Sai ki ga mace ba ta wuce shekara 35 ba, amma in za ta miƙe sai ta dafa bango. In ta ɗan yi shara sai haki. In an tambaye ta sai ta ce, "Gajiya ce kawai, haka jikin mata yake." A'a 'yar'uwa, ba haka aka halicci jikin mata ba. Sau da yawa wannan gajiyar tana da dalili, kuma maganinta yana farawa ne daga tsakar gidanki, ba sai kin fita ba, ba kuma sai da kuɗi masu yawa ba. Abu uku za mu duba: abin da kike ci, yadda kike motsa jikinki, da abin da kike ƙara sani kowace rana.

Abinci da ƙarancin jini

Mu fara da jini, don shi ne ciwon da ya fi ɓuya a jikin mata. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a shekarar 2018 ya nuna cewa mata 58 cikin 100 masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. Kin ga kenan, in mata goma suka taru a gidan suna, kusan shida daga cikinsu jininsu bai cika ba, ko da sun sha ado.

Jini shi ke ɗaukar iskar da muke shaƙa ya kai wa kowace gaɓa. Ba ya iya wannan aiki sai da wani sinadari da ake kira sinadarin ƙarfe, wanda daga abinci muke samunsa. Ita kuwa mace kullum cikin zubar da shi take: ga jinin al'ada kowane wata, ga ciki, ga haihuwa, ga zazzaɓin cizon sauro da ke fasa ƙwayoyin jini, wani lokaci ga tsutsar ciki. In haihuwa ta zo kusa da kusa, kafin jiki ya mayar da abin da ya rasa an sake ɗiba.

Yaya za ki gane? Ki ɗauki madubi, ki ja fatar idonki ta ƙasa ki duba cikinta. In ja ce, madalla. In ta yi fari fat, ga tafin hannu ya koɗe, ga jiri in kin miƙe, ga bugun zuciya, ko kina yawan kwaɗayin cin farar ƙasa ko tauna ƙanƙara, to ki gaya wa maigida a je asibiti a auna jinin. Awon ba ya ɗaukar lokaci. Kada ki raina shi, musamman in kina da ciki, don macen da ta shiga naƙuda da ƙarancin jini, zubar jinin da wata za ta jure ita yana iya tafiya da ita. Shi ya sa ake ba masu ciki ƙwayar ƙarin jini da folik asid a wurin awo. Wasu sukan jefa su ƙarƙashin katifa, wai suna sa ɗa ya yi girma haihuwa ta yi wuya. Wannan zance ne kawai. In suna sa ki tashin zuciya, ki gaya wa ma'aikaciyar jinya ta nuna miki lokacin da ya fi dacewa ki riƙa sha, amma kada ki daina.

Abincin da ke gina jini kuwa ba daga Turai za a kawo shi ba. Hanta, nama, kifi da ƙwai su ne kan gaba. In babu hali, ga wake, ga awara, ga gyaɗa da riɗi, ga gero, ga ganyaye irin su zogale, alayyafo, rama da kuka. Sai dai akwai dabara biyu. Ta farko, sinadarin ƙarfen da ke cikin wake da ganye jiki ba ya tsotsarsa sosai sai an haɗa shi da abin da ke da bitamin C. Saboda haka in kin yi kwaɗon zogale, ki yanka ɗanyen tumatir ki matsa lemun tsami. In kin ci wake, ki biyo shi da gwaiba, ko lemun zaƙi, ko ruwan garin 'ya'yan kuka. Ta biyu, shayi yana hana jiki ɗaukar wannan sinadari. Ba mu ce ki daina shan shayi ba, amma ki bar tazarar kamar awa ɗaya tsakaninsa da abinci.

Wajen dafa ganye ma akwai gyara. Yawancinmu mukan cika tukunya da ruwa, mu jefa kanwa, mu bar ganye ya yi ta tafasa har ya yi laushi, sannan mu matse mu zubar da ruwan. Da yawan amfanin ya bi rariya kenan. Ruwa kaɗan, tafasa kaɗan, ba kanwa. In za ki shanya zogale ko kuka, ki shanya a inuwa, don rana tana cinye wani ɓangare na amfaninsu. Kuma ko gidan haya kike, tsohon bokiti ko buhu da ƙasa da ɗan taki sun isa ki shuka alayyafo. Cikin wata ɗaya ko ɗan fiye kin fara tsinka, ruwan da kika wanke shinkafa ya ishe shi.

Sauran magana ɗaya a nan, kuma ita ce mai nauyi. A gidaje da yawa uwa ce ƙarshen ci. An zuba wa maigida, an zuba wa yara, an fitar wa baƙi da almajiri, ita sai ƙanzo da ragowar kwanon yara. Kara abu ne mai kyau, amma mai ciki ko mai goyo cin mutum biyu take yi wa aiki. Ki zuba naki lokacin da kike zuba na kowa, ki rufe ki ajiye. Batun kuma wai mai ciki ko yaro kada su ci ƙwai don kada yaro ya yi sata, wannan camfi ne, ba shi da tushe a addini ko a likitance. In kina kiwon kaji, kada ki sayar da ƙwan duka.

Gishiri, kanwa da sukari

Akwai abin da muke buƙatar ƙarawa, akwai kuma wanda za mu rage. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kada ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato kamar cokalin shayi ɗaya, a duk abin da ya ci tun safe har dare. Yanzu ki tuna tukunyar miyarki. Kin sa gishiri, kin marmasa dunƙule uku ko huɗu, alhali shi dunƙulen kusan rabinsa gishiri ne, ga kuma yajin da ke gefe shi ma da nasa. Gishiri yana riƙe ruwa a jiki, ruwan ya ƙara wa zuciya da jijiyoyi nauyi, daga nan sai hawan jini. Shi kuwa hawan jini ba ya sallama. Mace tana iya shekara da shekaru da shi ba ciwon kai ba komai, ranar da zai nuna kansa sai a ji ta faɗi, ɓarin jiki ya shanye, a ce iska ce ko sammu. Duk lokacin da kika je asibiti, ko da yaro kika kai, ki roƙa a gwada miki. In ana ta samun 140 bisa 90 ko sama da haka, to sai an bi shawarar likita, kuma in an ɗora ki kan magani ba a dainawa don an ji sauƙi.

Ki rage gishirin a hankali, kada iyali su yi bore. Wannan makon ki cire dunƙule ɗaya, ki ƙara daddawa, albasa, tafarnuwa, citta da ɗan busasshen kifi. Bayan 'yan makonni harshe zai saba.

Kanwa ita ma 'yar'uwar gishiri ce, aikinsu a jiki iri ɗaya ne. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan masu jego da ake kawowa zuciyarsu ta gaza, suka kuma danganta abin da yawan shan kunun kanwa da zafin wankan jego da kwanciya kan gadon wuta. Binciken da aka yi daga baya ya nuna akwai wasu dalilai, kamar hawan jinin masu ciki da rashin isasshen abinci. Amma ba a jayayya cewa ɗura wa mai jego kanwa kwana arba'in ƙara wa zuciyarta kaya ne. Iyayenmu masu kula da jego, don Allah a sassauta. In mai jego ta fara kumburin ƙafa, tana haki, ba ta iya kwanciya sai ta jingina, ko tari ya dame ta da dare, kada a ce sanyi ne ya shige ta a ƙara ruwan zafi. A kai ta asibiti a ranar.

Sukari kuma, hukumar nan ta ce kada a wuce kamar cokalin shayi 12 a yini, in an tsaya a 6 ya fi. Kwalbar lemo ɗaya tana ɗauke da kusan cokali 9. Zoɓo, kunun aya da fura da kike yi da hannunki sun fi, muddin ba ki juye musu sukari ba.

Sai gargaɗi ga 'yan mata da amare: ƙwayoyin ƙiba da ake kira "sha ka fashe" ba abinci ba ne. Wasunsu magunguna ne masu ƙarfi da aka yi don wasu cututtuka. Abin da suke kawowa kumburi ne, kuma suna iya jawo ciwon suga, hawan jini da raunin ƙashi. Haka ma shayin rage tumbi da ake tallarsa a waya, ba ki san abin da ke ciki ba.

Motsa jiki a tsakar gida

Na san wata za ta ce, "Ni da nake aiki tun safe, wane motsa jiki kuma?" Gaskiyarki, amma mu duba irin aikin. Kakanninmu sun yi surfe, sun yi daka, sun yi niƙa a dutse, sun ja ruwa a rijiya. Wannan aiki ne da ke sa zuciya bugawa, gumi ya karyo. Yau injin niƙa ya karɓi turmi, mai kura yana kawo ruwa har ƙofa, yawancin aikinmu a zaune muke yinsa kan kujera 'yar tsugunno: tsintar shinkafa, yankan kuɓewa, ɗinkin hula, sannan a koma gaban talabijin. Irin wannan yana gajiyar da baya, amma ba ya motsa jini. In har yanzu kina daka da jan ruwa kullum, to ke kin riga kin samu rabonki, abin da kike buƙata shi ne isasshen abinci da hutu. Maganar nan ta masu yawan zama ce.

Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ita ce, babban mutum ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. In kin raba, minti 30 kenan sau biyar. Ba dole ba ne ki yi su a haɗe. Minti goma bayan asuba kafin rana ta yi zafi, goma da hantsi, goma bayan la'asar, lissafi ya cika. Ki kewaya tsakar gida da sauri kamar wadda ta bar tukunya a wuta, kina kaɗa hannu. Ma'auninki shi ne numfashi: ki kai inda za ki iya magana amma ba za ki iya rera waƙa ba. In gidan ƙarami ne, ki tsaya wuri ɗaya a ɗaki kina ɗaga gwiwa ɗaya bayan ɗaya, rediyo na gefe.

Sau biyu a mako kuma ki ƙarfafa gaɓoɓi. Ki zauna a bakin gado ki miƙe ba tare da dafa komai ba, sau goma. Ki dafa bango da hannu biyu, ki kai ƙirjinki kusa da shi ki tura kanki baya, sau goma. Ki cika gora biyu da ruwa ki ɗaga sama ki sauke. Wadda ta haihu kuma fitsari yana ɗan kufce mata in ta yi tari ko dariya, ta riƙa matse gabanta kamar mai riƙe fitsari, ta ƙirga biyar ta saki, sau goma, safe da rana da dare. Ba wanda zai san tana yi, kuma cikin 'yan watanni da yawa sukan ga canji. In za ki ɗaga bokiti, ki durƙusa da gwiwa, kada ki sunkuya da baya.

Ga wani awo da ba ya buƙatar sikeli. Ki samu zare, ki auna tsawonki daga ƙafa zuwa kai, ki ninka shi biyu, ki zagaya cikinki da shi daidai saman cibiya. In ya zagaye, alhamdu lillahi. In bai kai ba, kitsen ciki ya fara yawa, kuma shi ne kitsen da ya fi jawo ciwon suga. Wannan awon ban da mai ciki.

Mai ciki ma ana so ta riƙa tattaki, in dai ba likita ne ya hana ta ba. Amma kowace ce, in ta ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko mai ciki ta ga jini, ta tsaya nan take a nemi asibiti. Kuma ki riƙa fitowa ki sha hantsi ke da jariri, kada ku yini a ƙuryar ɗaki, don hasken rana yana taimakon ƙashi.

Kada kunya ta hana ki, ko tsoron a ce uwargida ta koma yarinya. Ya zo a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, har sau biyu. In kuna da yawa a gida, ki jawo abokiyar zamanki da matan 'yan'uwan miji ku yi tare. Da dariya za a fara, amma abin da aka yi tare ya fi daɗewa.

Karatu ba ya tsufa

Yanzu sai abincin ƙwaƙwalwa. Duk abin da muka faɗa a sama yana komawa ga sani. Macen da ke iya karanta takardar magani ba za ta ba yaro cokali biyu a inda aka ce rabi ba. Za ta duba ranar da magani zai lalace, ta san ranar komawa awo da ranar rigakafi ba sai ta jira wani ya dawo ba. Saƙon da aka turo mata a waya ita za ta karanta abinta, sirrinta bai fita ba.

Neman ilimin matan aure ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a littafinsa Nurul Albab, ya yi kakkausan suka ga mazan da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa tsarin 'Yan Taru, inda take naɗa jajis, mata dattijai masu ilimi, suna kai karatu ga matan da ke cikin gidajensu a ƙauyuka. Wato tun wancan zamani an san cewa in mace ba za ta iya zuwa makaranta ba, makaranta tana iya zuwa gare ta. A zamaninmu ma, Jihar Kano ta kafa hukumar ilimin manya a 1980, mata da yawa sun koyi karatu ta wannan hanya. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu an cire ta daga makaranta tana ƙarama aka yi mata aure, daga baya ta koma neman ilimi da girmanta, ga shi ta zama marubuciyar da ake karanta littattafanta har a jami'o'i.

To, ke ta ina za ki fara? In akwai Islamiyyar matan aure ko ajin yaƙi da jahilci a unguwarku, ki nemi izinin maigida cikin ladabi, ki nuna masa amfanin da gidansa zai samu. In hakan bai yiwu ba, malaminki yana cikin gidanki: ɗanki ko 'yarki da ke firamare. Minti 15 bayan sallar isha'i, harafi biyu a rana. Hausar boko yadda ake faɗa haka ake rubutawa, saboda haka wadda ta dage, cikin 'yan watanni sai ta fara haɗa kalmomi. Ki fara da sunanki, da sunayen 'ya'yanki, da lambobi. Ba abin kunya ba ne ɗa ya koya wa uwa, shi ma karatunsa ƙara zama yake yi.

Wadda ta riga ta iya karatu kuma kada ta bari ya yi tsatsa. Shafi biyu a rana, na addini ko na labari ko na kiwon lafiya. Ki sayi ɗan littafin rubutu ki riƙa lissafin sana'arki. A ce kin sayi gyaɗa ta naira 4,000, kin sayar da mai da ƙuli-ƙuli 4,800, sai ki ce kin ci 800. Amma kin sa kuɗin niƙa? Itace fa, da leda? In kin rubuta su duka, wataƙila ki tarar 200 ce ribar, ko ma babu. Da yawa jarinsu ya karye ba don rashin ciniki ba, sai don ba a rubutawa. Haka zubin adashi da bashin da kika bayar, duk su shiga littafi.

Ga iyayen gida

Mun san iyayenmu maza ma suna kasa kunne, ko da sun yi kamar ba su ji. Malam, lafiyar matarka da iliminta amana ce a wuyanka. Kuɗin hanta ko ƙwai sau ɗaya a mako bai kai kuɗin ledar jini ɗaya a asibiti ba. In ta ce tana jin jiri, kada ka ce raki ne. In ta nemi zuwa awo ko makaranta, ka taimaka mata, 'ya'yanka ne za su fara cin moriya.

Ke kuma 'yar'uwa, kada ki ce za ki ɗauki duk abin da muka faɗa rana ɗaya, za ki gaji ki watsar. Ki zaɓi guda uku kawai a wannan mako: ki zuba abincinki tare da na kowa, ki kewaya tsakar gida minti goma da safe, ki koyi harafi biyu ko ki karanta shafi biyu kafin ki kwanta. In sun zauna, mako mai zuwa ki ƙara wani. In rana ɗaya ta kufce miki saboda baƙi ko rashin lafiyar yaro, gobe ki ci gaba daga inda kika tsaya. Da yayyafi kogi kan cika.

A nan za mu dakata. Wadda ta ji, ta gaya wa maƙwabciyarta da ba ta samu saurare ba. Allah ya ƙara mana lafiya da ilimi mai amfani, ya sauki masu ciki lafiya, ya raya mana zuri'a. Sai mun sake haɗuwa a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.